Me Ya Sa Rami Yake Fitowa A Bakin Kwalbati?

Tambaya: Injiniya, an yi mana kwalbati a unguwarmu da ke Gombe, amma bayan damina ɗaya sai ga rami ya buɗe a inda ruwan yake fita, har ya fara cin gefen titi. Shin siminti aka rage ne?

Amsa: Malam, mai yiwuwa ne simintin lafiyarsa ƙalau, domin galibi kwalbati ba daga jikinsa yake fara lalacewa ba, daga bakinsa ne. Titi ko layin dogo da aka ɗora kan ciko yana tare ruwan da a da yake malala a fili mai faɗi, sai kwalbati ya tattara shi duka ya tura shi ta ƙofa ɗaya. Ruwan da aka matse haka yakan fito da gudu, kuma ƙasar Gombe mai yashi ce, ba ta jure irin wannan duka, shi ya sa kwazazzabai suka daɗe suna addabar garin. Da zarar rami ya samu a mafita, zaizayar takan riƙa komowa baya kowace damina, har ta wanke ƙasar da ke ƙarƙashin ginin, zoben kankare na ƙarshen kwalbatin ya rufta, kwalta ta biyo shi.

Maganinsa sananne ne: a shimfiɗa daɓen kankare a mafitar, a gina ɗan bango da zai nutse ƙasa a ƙarshen daɓen, a jera manyan duwatsu da za su karya ƙarfin ruwan, sannan a raka shi da magudana har inda zai sauka lafiya. A ganina nan ne aka fi yin rowar kuɗi, saboda aiki ne da mai wucewa a mota ba ya gani.

Girman kwalbatin ma yana da hannu. Ƙofar zobe mai faɗin santimita 90 ta ninka ta mai santimita 60 fiye da sau biyu, kuma inda ruwa ya yi yawa, mai siffar akwati ake ginawa. Idan kwalbatin ya yi kaɗan, ko leda da yashi suka toshe shi, ruwa zai taru a baya ya jiƙe cikon. Wannan ya fi haɗari a layin dogo, irin wanda ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, tun da jirgi ba ya son hawa da gangara, don haka cikonsa yakan yi tsawo a kan kwari.

Kafin hukuma ta zo, ku yashe kwalbatin tun gabanin ruwan Agusta, ku cike ramin da duwatsu, ba da shara ba.