Aro, Haya ko Furfure? Kalmomin Kasuwar 'Yan Besbol

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma na kamu da son wasan besbol. Da zarar Yuli ya kama sai ƙungiyoyi su shiga ba da 'yan wasa suna karɓar wasu, har ranar da ake rufe kasuwar a ƙarshen watan ko farkon Agusta. Saye zan ce ko musaya?

Amsa: Ka ce musaya, ka huta. Kunnenmu ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai, inda ake zube kuɗi a ɗauki mutum, shi ya sa bakinmu ke gudu zuwa "saye". A besbol akasari mutum ake bayarwa a karɓi mutum. A ranar 2 ga Agusta 2022 ƙungiyar Washington Nationals ta ba ƙungiyar San Diego Padres 'yan wasanta Juan Soto da Josh Bell, ta karɓi 'yan wasa shida. Kakanninmu suna da kalmar wannan: furfure, wato kaya da kaya ba kuɗi a tsakani, kamar yadda Bafillatana kan ba da nono ta karɓi gero. Kalmar ta kusa ɓacewa a bakin 'yan birni. In ka ga ta yi wa yaranka nauyi, ce musu "ba ni gishiri in ba ka manda". Saye na gaskiya shi ne na shahararren ɗan wasan nan Babe Ruth, da ƙungiyar Boston Red Sox ta sallama wa ƙungiyar New York Yankees a ƙarshen 1919 kan dala 100,000.

Tambaya: Malam, na ji mai sharhi ya ce ƙungiya ta "ari" ɗan wasa na wata uku. Daidai ne?

Amsa: Ka taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Ba kalmar da ake wa hawan ƙawara a zamanin nan kamar aro. Jiya-jiyan nan wani yaro ya tsaya a zaurena, hannu a aljihu, ya ce in ara masa dubu biyu. Na ce to, in ka gama kallonsu ka dawo mini da su. Ya yi turus. Aro ai abin da ka karɓa shi ɗin dai za ka mayar: tabarma, tsani, rigar zuwa biki. Kuɗi da hatsi, da ake kashewa ko a ci a mayar da kwatankwacinsu, rance ne. In da biya a kan amfani da abin, haya ce. In ka ajiye gonarka a hannun wani ka karɓi kuɗi, jingina ce. Kalmomi huɗu, kowace da ɗakinta, amma malalacin baki ya kwashe su ya zuba a ƙwarya ɗaya. Har a rediyo sai ka ji "gwamnati ta ari kuɗi", kamar takardun za ta nannaɗe ta mayar.

Mu koma ga ɗan wasanka. A Yulin 2016 Chicago Cubs ta karɓi Aroldis Chapman, ɗan Kyuban nan mai jifa kamar harsashi, daga New York Yankees, alhali kwantiraginsa zai ƙare da ƙarewar kakar. Mutum huɗu ta bayar, ciki har da Gleyber Torres, yaro ɗan shekara 19 a lokacin. Ina aro a nan? Mai aro ba ya biya, kuma mutum huɗun nan sun tafi ke nan. Haya ta fi kusa, sai dai ita ma ba ta zauna daram ba, domin mai ba da haya yana nan da mallakar abinsa, ita kuwa Yankees ta sake shi gaba ɗaya. Komawar da ya yi gare ta a Disamba, kan dala miliyan 86 na shekara biyar, sabon ciniki ne da ya ƙulla da kansa. Da ni za a tambaya, ɗan ci-rani zan kira shi: ya zo, ya yi aikin 'yan watanni, ya ɗaure kayansa.

Na san wani zai jefo mini "kayan aro ba ya rufe katara". Wannan karon ya rufe. Cubs ta ɗauki kofi a shekarar, bayan rabonta da shi tun 1908.

Tambaya: Mece ce ma'anar "cinikin biri a sama"?

Amsa: Biyan kuɗin abin da bai zo hannu ba. Ƙungiyar da kakarta ta lalace, ta ba da gwaninta ta karɓi samarin da ke ƙananan rukunoni, irinsa take yi. Wani birin yakan sauko, kamar James Wood da ke cikin shidan da aka bayar kan Soto. Wani kuwa sai dai a hangi wutsiyarsa. Wadda ke neman kofin bana ita ce mai cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Tambaya: Malam, an ce kafin musayar Soto ya ƙi dala miliyan 440 na shekara 15. Yaya Bahaushe zai faɗi wannan?

Amsa: An taya, ya ce albarka. Don Allah a daina rubuta "ya juya tayin ƙasa". Wannan Turanci ne sanye da babbar riga.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "kakar wasa", alhali ba girbi ake ba?

Amsa: Faɗaɗa ma'ana ce, kuma ban da ja da ita. Wasanni 162 kowace ƙungiya ke bugawa kafin a shiga neman kofi a Oktoba, lokacin da mu ma muke girbi.

Tambaya: Idan aka yi musaya sai ɓangare ɗaya ya ɗora 'yan kuɗi a kai, gyara ke nan?

Amsa: A'a, ciko ne. Gyara bayan ciniki ya faɗa ake yin ta, don a kyautata wa mai saye.