Ma'aikacin Asibiti Da Ke Cin Abinci Sau Ɗaya A Rana Don Bin Sunna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, mako guda da rana, mako guda dutin dare. Wata takwas ke nan ba na cin abinci sai sau ɗaya, wajen ƙarfe 11 na dare, sauran yinin shayi ne da goro. Na ji wani mai wa'azi ya kawo hadisi cewa ci sau biyu a rana almubazzaranci ne. Yanzu na zama mai saurin fushi, barci ya ƙaurace mini, yarana suna shigewa ɗaki da zarar sun ji ƙarar babur ɗina. Har sau biyu na miƙa wa mara lafiya maganin da ba nasa ba, Allah ya sa abokin aikina ya lura. In na koma ci sau uku na saɓa sunna? Kuma wannan yunwar tana da ladan azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye babbar magana a ƙarshen wasiƙarka kamar ƙarama ce. Da a ce kai kaɗai yunwar ke taɓawa, da na ce halal ne, in ka so ka ci sau ɗaya, in ka so sau huɗu, shari'a ba ta ƙidaya wa kowa kwano ba. Amma mutumin da ya ba mara lafiya maganin wani har sau biyu, kuma ya san daga inda matsalar ta taso, bai halatta gare shi ya ci gaba a haka ba. Ran mutane ne a hannunka, kuma albashin da kake karɓa na hankalinka ne, ba na tsayuwarka a bayan taga ba. Annabi (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka haɗa da yunwa mai tsanani da ƙishirwa da gyangyaɗi, saboda duk suna dagula tunani. Mai ƙirga ƙwayar hawan jini bai fi alƙali ƙarfin hali ba.

Ladan azumi kam babu. Wanda ya sha shayi da safe ba mai azumi ba ne a wurin kowa.

Sai maganar mai wa'azin. Hadisin da ya kawo na Nana A'isha ne, Baihaƙi ya rawaito shi a Shu'abul Iman, kuma shi da kansa ya nuna akwai rauni a isnadinsa. Ya shahara ne saboda Imam Gazali ya kawo shi a littafinsa Ihya, Hafiz Iraƙi kuma da ya bi hadisan littafin ya ambaci raunin. Gazali ma yana magana ne da muridai masu horon zuciya, ba da mai dutin dare ba. Abin dariya, masu son ci ma suna da nasu: "Ku ci abincin dare ko da tafin hannu ne na busasshen dabino, barinsa yana tsufarwa." Tirmizi ya ce munkari ne, wato mai tsananin rauni. Ka ga ba a gina hukunci a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Ni abin da ya fi rushe mini wannan ra'ayi shi ne azumin kansa. Ranar da Allah ya wajabta kame baki, a ranar ma ci biyu ne: an kwaɗaitar da sahur, an ce a jinkirta shi, an ce a gaggauta buɗa baki, an hana wisali, wato haɗe azumin kwana biyu ba ci a tsakani. To yaya abin da yake sunna a Ramadan zai zama ɓarna a Shawwal? A kaffarar rantsuwa malamanmu Malikawa sun ce in ka ƙosar da miskinai goma sau biyu, rana da dare, ya isar. Da ci biyu israfi ne ba za a auna abincin miskini da shi ba. Annabi Musa a Suratul Kahfi ya ce wa yaronsa ya kawo musu kalacinsu domin tafiya ta gajiyar da su. Hadisin kashi uku, na abinci da ruwa da numfashi, a kan yawan abin da ake zubawa a ciki yake, ba a kan sau nawa ba. Hasali ma mai yini da yunwa shi ya fi saɓa masa, don in ya zauna gaban tuwo da daddare ba ya barin wa numfashi komai. Watannin da ba a hura wuta a gidan Annabi kuwa, rashi ne aka yi haƙuri da shi, ba doka aka kafa ba.

Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ya tsananta wa kansa azumi da tsayuwar dare, Annabi ya ce masa in ya yi haka idonsa zai zurma, ransa zai gaji. Lura da "ransa zai gaji". Abin da kake faɗa mini ke nan. Abdullahi ɗan Mas'ud ma yana rage azumin nafila, yana cewa yana raunana shi ga salla.

Likitoci suna cewa jiki yana da agogonsa, kuma lokacin ci yana cikin abin da ke saita shi. A 2022 masu bincike a asibitin Brigham da ke Boston, Amurka, sun sa mutum 19 cikin yanayi irin na aikin dare. Waɗanda suka riƙa ci da dare da rana, alamun ƙunci da fargaba sun ƙaru a gare su, waɗanda aka tsare wa ci da rana kaɗai ba su ga haka ba. Mutum 19 ba su da yawa, ba zan mai da shi nassi ba, amma kai ka haɗa duka: dutin dare, ci mai nauyi ƙarfe 11, ga goro da shayi a cikin da babu komai, su kuma suna kore barci suna ƙara bugun zuciya.

Ka karya da safe ko da koko da ƙosai ne, ka tafi da abincin rana a kula, ka sassauta na dare. Makon dutin dare ka ci mai nauyin kafin ka fita. Azumin Litinin da Alhamis ka ajiye shi sai ranar hutunka, kuma kada ka ɗaura niyya kana shakkar iya kaiwa, don a mazhabarmu wanda ya karya nafila da gangan sai ya rama.

Ban ce maka yunwa ce kaɗai ba. Kana cikin asibiti, likita na kusa da kai: a auna sukarinka da jininka, ka gaya masa rashin barcin da ƙuncin ba tare da rage komai ba. Ciwon damuwa ciwo ne, ba raunin imani ba, kuma in ka taɓa jin gara mutuwa, kada ka kwana da maganar kai kaɗai. Kuskuren maganin nan ka sanar da shugabanka, ko da za ka ji kunya. Sannan ka ba maiɗakinka haƙuri, ita ta sha wata takwas ɗin nan fiye da kai. Yaran kuma ka shigo musu da tsaraba, ka zauna ku ci a kwano ɗaya.

Allah ne mafi sani.