Hukuncin Rubuta wa Yara Ƙagaggen Labari Kan Riƙon Marainiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce, ina rubuta wa yara labarin wata marainiya da ta sha wuya a hannun dangi, har wasu ma'aurata suka ɗauke ta riƙo, ta saki jiki da su. A ƙarshe sun sa mata sunan maigidan a makaranta, sun ɓoye mata asalinta don hankalinta ya kwanta. Na ɗauko wasu abubuwa daga rayuwar yarinyar da nake riƙo. An ce mini ƙagaggen labari ƙarya ne, haramun ne. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah Ya saka miki da alheri kan riƙon da kike yi, falalarsa ba ta buƙatar dogon bayani.

Rubuta labarin halal ne. Masu haramtawa suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi, inda aka yi narko ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, amma sun ɗora hadisin inda bai sauka ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labari a matsayin abin da ya auku alhali bai auku ba, har ya gaskata ka. Yaron da ya buɗe littafin labari ya san shirya shi aka yi, kamar yadda ya san abin da zai biyo bayan "ga ta nan, ga ta nanku", don haka babu wanda aka yaudara. A Suratu Sad, masu husuma biyu sun shiga wurin Annabi Dawud (AS) da ƙarar tumaki 99 da tunkiya guda, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce mala'iku ne suke buga masa misali. Malamin fiƙihu Ibn Hajar al-Haitami ma ya faɗa a littafinsa Tuhfatul Muhtaj cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbata bai faru ba, idan an nufi misali da wa'azi da shi, ko a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. Ina ganin girman masu tsantseni a nan, sai dai tsantsenin mutum ba ya zama haramci a kan kowa.

Abin da ya tsaya mini shi ne ƙarshen labarin naki, wanda ba ki ma tambaya a kansa ba. Jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba shi ne tabanni, wanda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta soke, har Zaid, ɗan riƙon Annabi (SAW), ya koma ɗan Harisa bayan ana kiransa ɗan Muhammad. Idan kika nuna wa yara wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe, kin koya musu son abin da Allah Ya hana. Ki gyara shi: ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta, su kuma su gaya mata asalinta da taushin harshe. Kiran uban riƙo "Baba" don girmamawa babu laifi, domin Annabi (SAW) ya kira Anas "ya ɗana".

Kada kuma ki sa ta ci gadonsu a labarin. Ƙofar da take buɗe ita ce kyauta, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Riƙo ba ya ƙulla muharramci, sai idan an shayar da ita tun tana cikin shekarun shayarwa.

Sai batun 'yar riƙonki, kuma wannan ya fi damuna. Abin da ta sha a baya sirrinta ne, amana ce a hannunki, kuma ba ta kai shekarun da izininta zai zama izini ba. Ɗalibanki sun san gidanki. Idan suka gane ta a littafin, gorin da za su yi mata zai rushe yardar da kika daɗe kina ginawa, kuma za ki iya faɗawa cin naman danginta. Ki sauya gari da shekaru da irin wahalar, har ita kanta ta karanta ba ta ga kanta ba. Ina kuma ba ki shawara kada ki mayar da dangin marainiyar duka azzalumai, ki bar ko da gwaggo guda mai tausayi, domin a ajinki akwai marayun da daga makaranta hannun dangi suke komawa.

Wallahu a'alam.