Filin Makaniki: An sa min sifirin, mota ta koma tafiyar kaguwa

TAMBAYA: Salam oga. Ina da tsohuwar Hilux da nake ɗauko masara daga ƙauyuka zuwa Dawanau. Wata biyu kenan sifirin baya ya karye aka sa min wani, sai makanikin ya mayar da tsofaffin yu-bol (ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin aksul) da notinansu yace lafiya lau suke. Yanzu motar a karkace take tafiya, in na taka birki kuma ina jin ƙwas a baya. Zan sake gyara, wane irin bol ya kamata in saya? Direba daga Bichi

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sawwaƙe. Kafin komai a rage lodi a daina gudu har a duba ta, don alamun da ka faɗa sun fi kama da senta-bol ya tsinke, wato siririn bol ɗin nan da ya ratsa tsakiyar fallayen sifirin, kansa ya zauna cikin ramin da ke jikin aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Shi aikinsa saita wuri ne kawai, masu riƙon gaskiya yu-bol ne, to in suka yi sako-sako sai duk wahalar birki da ramuka ta koma kansa ya tsinke, aksul ya goce ta gefe ɗaya, shi ne kaga mota tana tafiya kamar kaguwa.

Yu-bol kam ba a maimaita shi. Ranar da aka fara ɗaure shi ƙarfen ya riga ya ɗan miƙe, tiredin ma, wato layukan da noti yake bi, ya sha matsa, ga tsatsa, sai kaji sifana ta yi tauri ka ɗauka ya ɗauru alhali tsatsar ce kawai ta cije. Ni ban ga dalilin da mutum zai biya kuɗin sifirin biyu ya tsaya yana tattalin kuɗin yu-bol huɗu ba wallahi.

In za ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano tafi da tsohon yu-bol ɗin a hannu. A gwada kauri, faɗin ciki, tsawo, da kuma lanƙwasar, akwai mai zagaye akwai mai kusurwa kuma ba sa zama a madadin juna. Idan an ƙara maka falle ɗaya ko biyu saboda lodi, kamar yadda yawancin masu ɗaukar hatsi suke yi, dole yu-bol da senta-bol su ƙara tsawo, noti ya shige gaba ɗaya har tiredi ya leƙo ta ƙasa. Wanda ake lanƙwasawa da rodin gini a yanka masa tiredi kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Sai bol ɗin idon sifirin (lanƙwasar da ke ƙarshensa) da na shakul, ƙarfen da ke haɗa ƙarshen sifirin na baya da jikin mota. Duba kan bol ɗin akwai lamba: 4.6 ko 4.8 na ƙofa da teburi ne, 8.8 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi a ƙarƙashin mota, 10.9 ya fi shi ƙarfi. Na Amurka layuka ake ja musu, uku matsakaici, shida mai ƙarfi. Toyota kuma nasu na asali sau da yawa lamba ɗaya za ka gani kamar 7 ko 8, kar ka raina shi don bai da ɗigo. Wanda ba rubutu ko ɗaya, ajiye musu kayansu. Noti ma yana da tasa lambar, 8 ya bi 8.8, 10 ya bi 10.9, kuma motocin Japan sun fi amfani da ƙananan tiredi, in noti ya ƙi tafiya da hannu daga farko to ba nasa ba ne, kar a tilasta shi da sifana. A lura santsin jikin bol ɗin shi zai zauna cikin bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, in tiredi ne a ciki zai riƙa cinsa. Bushin ɗin ma a canza su tunda an riga an kwance.

Wajen ɗauri ne ake yawan ɓata aikin. Yu-bol a bi notinan huɗu a gicciye kaɗan-kaɗan har su kai awon da littafin motar ya faɗa, da sifana mai awo, ba yaro ya sa bututu ya hau kai yana tsalle ba. Na ido da shakul kuwa ba a ƙarasa ɗaure su mota tana kan jek, sai an sauke ta ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Bayan ka yi sawu biyu ko uku da lodi ka koma a sake bin notinan yu-bol, sabon sifirin yana zama, za ka ga sun ɗan saki. Ka ce su duba ramin aksul ɗin ma, in ya buɗe saboda gogar wata biyun nan sai an gyara shi kafin a sa sabon senta-bol.