Amsar murya: kwamfutar da ke kashe kanta da zarar an ɗauke wuta

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙaninmu mai shagon buga takardu a Kabuga, wanda ya turo tambaya da safe. Ya ce da an ɗauke wuta, ko minti biyu ba a yi kwamfutarsa za ta nuna tana rufewa, ta kashe kanta, alhali fitilar UPS ɗin, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, na nan a kunne, kuma bai daɗe da sa masa sabon batir ba. Na ga wasu sun ce batirin jabu ne, wasu sun ce ya zare wayar USB da ta haɗa UPS da kwamfuta ya huta. Ku ɗan yi haƙuri muryar za ta yi tsawo, ina shago ne, in kun ji ƙarar Adaidaita Sahu bakin titi nake.

Ƙanina, kafin ka sake fitar da ko sisi, ka fara gano wa ya kashe ta. Mutuwar kwamfuta iri biyu ce. Akwai wadda allo zai yi baƙi ƙirin farat ɗaya, wannan wuta ce ta yanke mata. Akwai kuma wadda za ta rufe shafukanka ɗaya bayan ɗaya, ta nuna maka tana rufewa, sannan ta mutu. Wannan umarni aka ba ta. Yadda ka kwatanta, taka ta biyun ce. In kana son shaida, buɗe Event Viewer, wajen da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta, ka shiga Windows Logs, ka danna System, ka nemi lokacin da abin ya faru. In ka ga lamba 1074, to wata manhaja ce ta nemi a rufe, kuma zai rubuta maka sunanta a ciki. In ka ga 41 ko 6008, ba wanda ya nemi izini, yankewa ta yi.

Ga kuma gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka adana aikinka, ka rufe komai, ka zare wayar USB da ta haɗa UPS da kwamfuta. Sai ka kashe makunnin soket na bango, ba zare filogi ba, ka bar shi a ciki saboda wayar ƙasa, wato earth. Ka duba agogo. In kwamfutar ta kai minti takwas ko goma tana aiki, batirinka lafiyarsa ƙalau, maganar tana wajen manhaja.

Yanzu ga inda nake so ka saurara da kyau. Ka ce UPS ɗinka na kamfanin APC ne, wato manhajarsa PowerChute. A cikinta, wajen da ake saita tsawon lokaci, zaɓi biyu ne. Na farko yana cewa a tattala batir, a kashe kwamfuta in ta yi minti kaza a kan batir. In wanda ya haɗa maka ya zaɓi wannan ya sa minti biyu, to ko batirinka zai iya awa guda, minti biyu na cika za ta kashe. Ba lalacewa ba ce, abin da aka ce ta yi ta yi. Na biyu yana cewa a bar kwamfuta a kunne iya yadda zai yiwu, a kashe ta in saura minti kaza batir ya ƙare, galibi minti biyar. Mutane suna zaɓar wannan su ɗauka sun gama, amma ka yi lissafin. Manhajar ba ta leƙa cikin batir. Hasashe UPS ke ba ta, ya ce da wannan nauyin zan iya minti kaza. In ya ce minti bakwai, ita kuma an ce ta rufe in saura biyar, minti biyu kacal gare ka. In ya ce huɗu, ana ɗauke wuta za ta fara rufewa nan take. Ka gane? Shi ya sa nake zargin nan matsalarka take.

To me ke sa hasashen ya yi ƙasa haka? Na ɗaya, ka canja batir amma UPS bai sani ba. Yana nan da lissafin tsohon batirin da ya gaji. Ka shiga manhajar ka sa ranar da aka canja batir, sannan ka sake koya masa ƙarfin sabon. Yadda ake yi, ka bar shi ya cika tam, ka zare USB, ka ɗora masa kayan da ba ka tsoron mutuwarsu, kamar ƙwan fitila, masu nauyin kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, ka kashe soket ka bar shi har ya mutu da kansa, sai ka mayar da shi caji ya sake cika ba tare da kaya a kansa ba. Sau ɗaya ya isa. Kar ka mayar da shi al'ada, zuƙe batir har ƙasa yana rage masa kwana.

Kuma wannan cikar da na ce, ita ce wahalar a garin nan. Cajar da ke cikin ƙaramin UPS a hankali take aiki, tana son awanni da yawa a jere. Mu kuwa a kawo wuta awa biyu, a ɗauke, a sake kawowa. Ɗaukewar farko ta cinye rabin batir, kafin ya farfaɗo an sake ɗaukewa. Manhaja ta duba ta ga saura minti uku, ta rufe. Kamar randa ce da ake ɗiba kullum ba a bari ta cika. Idan kana da sola ko inbata a gida, kai shi can ya kwana yana caji kafin ka yi gwajin.

Na biyu, nauyi. Waɗannan ƙanana masu 650VA, batir ɗaya ne a ciki, galibi 12V 7Ah, kuma abin da suke ɗauka a zahiri bai wuce wat 400 ba. An yi su ne ka adana aiki ka rufe, ba ka ci gaba da buga wa ɗalibai furojet ba. Kai mai shagon takardu ne, don haka zan tambaye ka, firinta tana jone a bayan UPS ɗin? In lesa ce, cire ta yau. Hitar da ke cikinta tana jan wuta mai yawa duk lokacin da ta ɗumama, kuma a wannan lokacin hasashen UPS zai faɗi ƙasa warwas, manhaja ta ga an kai iyaka. Firinta da na'urar laminatin duk su koma bango. Kwamfuta da allo kawai.

Akwai wani kuma da ke rikita mutane sosai, janareta. An tada inji, fanka na juyawa, fitilu a kunne, amma UPS yana ta ƙara tit-tit. Wato bai yarda da wutar injin ba, yana kan batir. Wutarmu 230V ce a kan 50Hz, ƙaramin inji kuwa yana hawa yana sauka. Manhaja tana ta ƙirga mintoci, ta kashe maka kwamfuta kana ganin wuta da idonka. Haka ma in an kawo wutar ba ƙarfi. A PowerChute akwai wajen da ake rage wa UPS tsananin tantance wuta, ka sauke shi daga sama zuwa tsakiya, in bai yi ba zuwa ƙasa. In wutar layinku ce ke faɗuwa, sa sitabilaiza a gaban UPS, ba a bayansa ba.

Masu wasu UPS ɗin da ba su sa wata manhaja ba, ku ma abin ya shafe ku. Da yawa daga cikinsu in ka jona USB, Windows yana ɗaukarsu kamar batirin laftof. Ku shiga Power Options, cikin saitin da ke can ciki, ku duba kashi nawa aka sa a matsayin batir ya kusa ƙarewa, da abin da aka ce ta yi in an kai wurin. Ku duba kuma minti nawa aka ba ta kafin ta yi barci a kan batir, don wani barci kawai tasa take yi ya ɗauka mutuwa ta yi. Kuma kar a tara manhajojin UPS biyu a kwamfuta ɗaya, musamman masu sayen ta hannu, tsohuwar na iya kasancewa a ciki.

Malaman da suka ce batir, ban ce ba ku da hujja ba. Irin wannan batirin ana ba shi shekara 3 zuwa 5 ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Ku tuna Kano a watan Afrilu, sama da 40, cikin shago mai rufin kwano, UPS a ƙasan tebur ba iska. Sabo ma in ya daɗe a kanta ba caji yana raunana. Amma gwajin agogon nan shi zai raba gardama, ba zato ba.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne a zare USB a bar shi a zare. Haka ne kwamfutar za ta daina rufewa da wuri, amma ranar da ka fita sallah aka ɗauke wuta, batir zai ƙare ta yanke a tsakiyar aiki. Nan ake rasa aikin mutane, nan Windows ke ƙin tashi. Yaron da ya kawo maka babi biyar a buga masa ba ruwansa da wannan bayanin. Ka gyara saitin, ka mayar da wayar.

Ƙanina, in ka je shago gobe, ɗauki hoton abin da Event Viewer ya nuna, da shafin PowerChute inda yake rubuta mintocin da suka rage da nauyin da ke kansa, ka turo nan zaure. Ka ɗauka lokacin da komai ke kunne yadda ka saba aiki, har da firintar. Daga nan zan gaya maka lambar da za ka sa. Wassalamu alaikum.