Tambaya da Amsa: Katun na neman canza min yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 4 tunda ya fara kallon katun ɗin faɗa kullum sai tsalle daga kan kujera yana kai wa ƙanwarsa naushi wai shi jarumi ne, ita kuma babbar mai shekara 7 rannan ina gyara mata kai tace min wai ita ba kyakkyawa bace tunda ba fara bace kuma gashinta bai sauka gadon baya ba kamar na gimbiyar da take kallo. Babansu yace in kashe tibin gaba ɗaya, ni kuma wallahi shi ke riƙe min su in samu in yi aiki. Ya zan yi? Daga Maman yara uku.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Maganar naushin dai kar ta ɗaga miki hankali sosai, yaro ɗan kwaikwayo ne. Tun 1961 wani masanin halayyar ɗan adam Albert Bandura ya gwada haka a jami'ar Stanford ta Amurka, yara suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita suma suka hau ta da duka iri ɗaya, da aka sake gwajin a 1963 ta hanyar nuna musu a fim ma hakan ce ta faru. Kuma kinga matsalar katun ɗin nan, wanda aka maka wa guduma a kai yana miƙewa garau ba kuka ba ciwo, shi kuma mai dukan shi ake tafa wa, to ɗan shekara 4 ina zai san naushi na da zafi? Har shirye-shiryen katun da ake ce musu masu koyar da tarbiyya ma, rigimar ce ke cin kusan duk shirin, sulhun sai can ƙarshe, yaro ƙarami ya riga ya kwashi rigimar darasin kuma ya wuce shi.

Wadda tafi damuna ita ce yarinyar. Wannan maganar tata ba ranar ta fara tunaninta ba, ta daɗe tana lissafi a ranta, wacece ake so a labarin, wacece ake dariya da ita, wa ke kama da ni. A 2012 an fitar da wani bincike a Amurka kan yara kusan 400, aka ga yawan kallon tibi yana rage wa yara baƙar fata da 'yan mata ganin darajar kansu, yara maza farare ne kawai abin ya ƙara musu, don su ne jaruman da ake nunawa. Saboda haka "kai ke kam kyakkyawa ce" sau ɗaya ba zai goge abin da take gani kullum ba. Ki nemo mata shirye-shiryen da jarumar ke kama da ita, akwai su yanzu, ki zauna kusa da ita ki dinga tambaya, me yarinyar nan tayi da ya burge ki banda kyau? Sannan ku manya ku kula da bakinku, in tana jin ana yabon farar fata a gida to tibi gaskata mata kawai yake yi.

Kashe tibi gaba ɗaya kuwa ban goyi baya ba, za su je su kalla a wayar wani inda ba idonki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 tace ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a ajiye shi gaban allo ba, ɗan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Ki fara da wannan, ke za ki zaɓi shirin ba rimot a hannunsa ba, in a YouTube ne ki kashe abin nan da ke jero bidiyo da kansa, ba kallo dab da barci. Katun ɗin faɗan ki ɗauke shi na ɗan lokaci, yaron zai yi kuka da birgima kam, ki daure. Ki bar shi ya fita ya yi gudu ya yi tsallensa har ya gaji. In an yi makonni dukan bai ragu ba, ko yana jiwa yara ciwo da gangan, to ki kai shi wajen likitan yara a duba ko akwai wani abu daban.