Tambaya da Amsa: Yadda ake gane ɗan zanzaron da ke kashe murzuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin hatsi ne a yankin Tasawa, kuma ni ƙungiyarmu ta ɗora wa kula da 'yan buhunan nan da ake ratayawa a gona don yaƙar murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi. Bana na ware buhu ɗaya na sa a bokiti, na rufe bakinsa da yadi mai shara-shara don in ga abin da zai fito. Bayan kwana tara sai ga 'yan ƙwari, amma ba kamarsu ɗaya ba: wasu ruwan ɗorawa, wasu baƙaƙe, wasu da ɗan tsinke a baya, wasu babu. Mutanenmu har sun fara cewa an cuce mu, an cakuɗa mana da wasu ƙwari. Yaya zan gane na gaskiya? In kuma na gan shi a gona, da me zan bambanta shi da sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dabarar nan taka ta bokiti ta burge ni, kuma da kowace ƙungiya za ta riƙa yin haka, da an huta da gardama mai yawa. Ka kwantar wa mutanenku da hankali tukuna, domin duk abin da ka lissafa ya dace da ƙwaro iri ɗaya. Amma bari in nuna maka yadda za ka tabbatar da idonka, kada ya zama maganata kawai ka kai musu.

Ƙwaron da ake sa wa a waɗannan buhuna sunansa na kimiyya Habrobracon hebetor, wasu littattafai kuma Bracon hebetor suke rubutawa. Wani masanin ƙwari ɗan Amurka, Thomas Say, shi ya fara siffanta shi, aka buga a 1836. Ɗan uwan zanzaro ne da rina, daga dangin da masana ke kira Braconidae, sai dai ƙarami ne ƙwarai: tsawonsa milimita 2 zuwa 3, wani ya ɗan haura, kamar ƙwayar riɗi ke nan. Ba ya gina gida, ba ya taɓa hatsi, ba ya kuma harbin mutum. Ba baƙo ne aka shigo da shi ba, da ma yana nan a gonakinmu da rumbunanmu. Matsalarsa ita ce in an bar shi da kansa ba ya yawaita sai damina ta yi nisa, lokacin murzuna ta riga ta zana hanyoyinta masu murɗewa a jikin zangarniya. Shi ya sa masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a Maraɗi da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali suka fito da dabarar kiwonsa a sake shi da wuri. A cikin ɗan buhun algarara ana zuba hatsi da garinsa, da tsutsotsi kamar 25 na wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra, sannan a saki mata biyu da suka riga suka haɗu da namiji. Abin da ka gani a bokiti 'ya'yan waɗannan mata biyu ne.

To, batun launi. A wannan ƙwaro launi shi ne shaida mafi rauni. Akwai mai ruwan ɗorawa kusan gaba ɗaya, akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa da baƙaƙen tabo a ƙeya da gadon baya, akwai wanda ya kusa zama baƙi wuluk, kuma uwa ɗaya tana iya haifar da su duka. An daɗe da gano cewa zafin wurin da ya girma yana da hannu a ciki: wanda ya tashi cikin zafi sosai yakan fito da haske, wanda ya tashi cikin sanyi-sanyi yakan yi duhu. Saboda haka buhun da ya sha kwanakin marka da wanda ya sha rana ba lallai su ba ka launi ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka "mai ja shi ne na gaskiya, baƙin jabu ne", bai san ƙwaron ba.

Tsinken baya kuwa shi ke raba mace da namiji. Mace ce ke da shi: baƙi ne, a miƙe, bai kai tsawon cikinta ba, kuma da shi take harbi, da shi take ajiye ƙwai. Namiji ba shi da komai a baya, cikinsa ya fi siranta, amma ƙahonninsa, wato zaren nan biyu da ke gaban kai, sun fi na mace tsawo a fili. Na mace gajeru ne masu ɗan kauri, gaɓoɓinsu wajen 13 zuwa 15, na namiji kuma sukan kai 20 ko su ɗan wuce. Raba mace da namiji yana da amfani fiye da gamsar da masu gardama. Ƙwan da bai samu maniyyin namiji ba, namiji yake haifarwa, mace kuwa sai daga ƙwan da ya samu. In ka ga bokitinka ya cika da marasa tsinke zalla, to matan da aka sa a buhun ba su haɗu da namiji ba, kuma buhun bai da amfani a gona, tun da namiji ba ya kashe tsutsa ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ya cancanci a koma a yi magana da masu kiwon a kansa. In ana samun masu tsinke da yawa a cikinsu, buhunka lafiya lau yake.

Yanzu ga yadda za ka duba shi da kyau. Ka nemi madubin hannu mai ƙara girman abu sau goma, ka kama 'yan kaɗan a ƙaramar kwalba, ka ɗora ta kan ƙanƙara na 'yan mintoci su yi lakwas, sannan ka zube su a kan farar takarda a wuri mai haske. Fara da ƙugu. Tsakanin ƙirji da ciki akwai matsewa irin ta zanzaro, ko da yake gajeruwa ce, ba doguwar sanda ba. Ƙuda ba shi da wannan. Fukafukansa huɗu ne, na gaba manya, na baya ƙanana, amma suna sarƙe da juna har ka zaci biyu ne, sai ka ɗan ɗaga da bakin allura. Shi kuwa ƙuda, fukafukai biyu kacal gare shi. A gefen gaba na babban fiffike, bayan tsakiya kaɗan, za ka ga wani tabo mai duhu mai ɗan faɗi, da jijiyoyi da suka raba fiffiken gida-gida. Ƙahonnin kuma a miƙe suke ko da ɗan lanƙwasa a hankali, ba su da gwiwa.

Wannan gwiwar ka riƙe ta da kyau, don ita ke fitar da rabin masu kama da shi. Tururuwa mai fiffike ƙahonta a karye yake kamar gwiwar hannu, kuma tana da ɗan ƙullutu a ƙugu. Haka ma 'yan zanzaron nan da ake gani a buhun wake mai ƙwari, irin su Dinarmus basalis: ƙahonsu gajere ne mai gwiwa, jikinsu dunƙulalle mai ƙyalli irin na ƙarfe, fukafukansu kuma kusan fayau, jijiya ɗaya ce a gefe. Su ma masu taimako ne, amma ƙwaron wake suke bi, ba ruwansu da murzuna. A cikin buhun kansa abubuwa biyu kan fito su rikita mutane. Ɗaya jan ƙwaron gari ne, mai taurin baya, wanda ya fi son rarrafe cikin garin, ba shi da ƙugu. Ɗayan kuma Corcyra ce da ta tsira daga harbi ta yi fiffike: toka-toka, ta kai wajen santimita ɗaya, in ka taɓa ta sai ƙura ta maƙale maka a yatsa. In waɗannan sun yi yawa, alama ce matan ba su yi aiki sosai ba.

Akwai wani dangi na kusa, Ichneumonidae, wanda ko ɗalibai a jami'a sukan rikita da namu. Yawancinsu sun fi girma da tsawo, amma shaidar da masana ke dogara da ita a fiffiken gaba take: su suna da wata jijiya da ta gitta a ɓangaren waje ta ƙasa, namu ba shi da ita, wurin a buɗe yake. Sai kuma baki, wanda shi ne alamar da na fi so in nuna wa mutane in akwai madubi mai ƙarfi. Ka dubi fuskarsa gaba da gaba: tsakanin leɓen sama da muƙamuƙai akwai ɗan rami zagayayye, kai ka ce bakin a buɗe yake kullum. 'Yan Cotesia, waɗanda baƙaƙe ne masu girma kusan ɗaya da shi kuma ana samunsu a gonakin dawa da masara, ba su da wannan rami, kuma ƙahonninsu masu gaɓa 18 ne ga mace da namiji.

A gona kuwa, gaskiya ba na ba ka shawarar ka bi shi yana tashi. Da wuya ka kama shi, in ma ka kama da wuya ka ƙare masa kallo. Aikinsa za ka nema, kuma aikinsa ya fi jikinsa saurin tona shi. Kamar mako biyu bayan rataya buhuna, ka zagaya ka buɗe hanyoyin murzuna a zangarniyoyi da tsinke. Lafiyayyar tsutsa da ka taɓa ta za ta murɗe ta nemi ɓuya. Wadda aka harba tana nan kwance laɓo-laɓo, ba ta mutu ba, ba ta ruɓe ba, amma ba ta motsi kuma ta daina ci har abada. In ka yi sa'a ka tarar da macen a bakin aiki, za ka ga ta tsaya nesa kaɗan, ta lanƙwaso cikinta ta ƙarƙashin ƙafafunta zuwa gaba, ta kai sara, ta ja da baya ta jira dafin ya kama. Bayan haka ta ajiye 'yan ƙwai farare dogaye a jikin tsutsar ko dab da ita. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu su ƙyanƙyashe, sai ka ga 'yan tsutsotsi marasa ƙafa, da yawa a kan murzuna ɗaya, sun kafa baki a fatarta daga waje suna tsotsa. Cikin 'yan kwanaki murzunar ta motse ta yi baƙi, su kuma su ja gefe kowanne ya saƙa wa kansa farin ƙunshin zare, a jere kusa da gawar. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 8 zuwa 12 ne a zafin ƙasarmu, wanda ya yi daidai da kwana taran da ka ƙirga.

Ka lura da kalmar "daga waje", don nan ne ya rabu da Cotesia. 'Ya'yan Cotesia a cikin cikin tsutsa suke girma, ita kuma tana yawonta tana ci, sai sun ƙosa su huda fata su fito su yi saƙa. Namu tun ranar farko yake tsayar da ɓarna. Kuma mace takan harbi tsutsotsi fiye da waɗanda take sa wa ƙwai, saboda haka shanyayyar tsutsa ko babu ƙwai a jikinta ka sa ta cikin lissafin aikinsa. Akwai ma wani mataimakin da ba za ka taɓa gani da ido ba sai da madubi, Trichogrammatoidea armigera, wanda bai kai milimita ɗaya ba, yana shiga ƙwan murzuna tun kafin ya ƙyanƙyashe, ƙwan ya koma baƙi.

Duk waɗannan alamu za su kai ka ga dangi da zuriya, kuma a gonar hatsi, a kan murzuna, hakan ya ishe ka ka ce shi ne. Amma yanke hukunci na ƙarshe a kan ainihin iri aikin ɗakin bincike ne. Yana da wani ɗan uwa, Habrobracon brevicornis, da suka yi kama har masana suka daɗe suna saɓani ko iri ɗaya ne, sai a 2019 binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa cewa iri biyu ne. Macen wancan gaɓoɓin ƙahonta sun ɗan fi yawa, kuma ƙirga su daidai sai da babban madubi. In kana son wannan tabbaci, ka zuba kamar guda goma, maza da mata, masu haske da masu duhu, a ƙaramar kwalba mai sifirit. Ka rubuta gari, kwanan wata da inda ka samo su da fensir a 'yar takarda ka jefa ciki, don tawadar biro narkewa take yi a sifirit. Ka ba malamin gonarku ya kai INRAN ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. 'Yan uwa na Najeriya kuma suna iya kai nasu cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, inda ake da ma'ajiyar ƙwari.

Roƙona ga ƙungiyarku shi ne ku haɗa baki kada kowa ya yi feshi a gonakin da ke kewaye da buhunan a makonnin nan. Murzuna tana ɓoye cikin zangarniya, maganin ba ya isa gare ta sosai, shi kuwa ɗan zanzaron a fili yake yawo, shi zai fara mutuwa. Ku kuma kare buhunan daga ruwan sama da tururuwa, don tururuwa na iya kwashe tsutsotsin ciki kafin ko ɗaya ya yi fiffike. Na bokitinka ma, da ka gama dubawa ka kai su gona da sassafe ko da yamma ka buɗe yadin a gindin hatsin da ya fitar da kai.